Kawu Mai Kiran Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Kawu ya cika ranar Laraba da hantsi a ɗakinsa na Wurma, gero yana bununi, bai ga kakar bana ba. Kafin azahar zaure ya cika, maza suka bazu har gindin ɗorawar ƙofar gida. Ina daga ciki ina jin maganarsu ta kan danga. Wani ya ce an yi rashin dattijo mai gaskiya. Wani ya ce Allah ya jiƙan Soja, alhali duk Wurma an san babu sunan da ya tsana irin wannan. Wakilin dagaci ya yi doguwar addu'a, sannan ya rage murya ya ce wa na kusa da shi, to, bana dai kasuwa za ta ci lafiya. Ya manta danga ba bango ba ce.

Mata kuwa har ranar sadakar uku suna zuwa a ƙafa, tsofaffi, daga Kurfi da Karofi da Ɗantutture, wasu ban taɓa ganinsu ba. Ba kukan dangi suke yi ba. Kowace za ta zauna ta miƙe ƙafa, ta sha ruwa, ta ce shi ne kaɗai ya rage da ke faɗin sunan ɗanta. A cikinsu akwai wata doguwa 'yar Ɗantutture da ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwar Kawu. Ta yi wa Iya, matar Kawu, ta'aziyya a taƙaice, sai ta juyo ta dube ni.

"Ke ce matar yaron?"

Na ce ni ce.

"To, ɗiyata, tsohon ya tahi ya bar ki inda ya bar ni. Allah shi jiƙan shi duk da haka."

Ni 'yar ƙanwar Kawu ce, kuma matar ɗansa na fari. Maigidana ya tafi yaƙin nan da ake yi a kudu, aka ce ya faɗa kogi, ba a ga gawarsa ba. Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Mutum ɗaya ne a ƙasar nan da in ya ce wane ya mutu a yaƙi kowa zai yarda, har alƙali, shi ne kuma muka rasa ranar Laraba. Ina ƙaunarsa, ina kuma jin haushinsa, kuma ba zan ɓoye ko ɗaya ba, don shi ma bai iya ɓoye-ɓoye ba. Ina so dai kada a manta da shi, tunda shi bai yarda a manta da kowa ba.

Tun kafin a haife ni ya dawo daga yaƙin Bama, wanda Turawa suka kai mutanenmu ƙetaren teku. Na buɗe ido na gan shi gajere, mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu ba ya ji, shi ya sa kullum yake juyo maka gefe kamar mai shirin faɗa. Ba ya cin shinkafa, ya ce ya ci rabonsa na duniya da lahira a can. Ba ya yanka ragon layyarsa, sai ya aika a kira Baba, mahaifina, shi kuma ya zagaya bayan rumbu har a gama. Rigar kakin da ya dawo da ita bai taɓa mayar da ita jikinsa ba. Kara ya gicciya mata ya kafa a tsakiyar gona, wai ta samu aikin da ya dace da ita, ta tsorata tsuntsu. In yara suka ce ya ba su labarin yaƙi sai ya ce, "Ruwa, laka, gudawa, sannan mutuwa. Labari ya ƙare, ku tahi ku yi wasa."

Abin da ba ya faɗa wa yara, Inna, mahaifiyata, ta faɗa mini. Yana can aka kawo wa gida labari cewa ya mutu. Aka yi sadaka, matarsa ta farko ta yi takaba, ta yi aure. Ya dawo ya tarar da ita a gidan wani da goyo. Bai yi rigima ba, ya yi mata barka, daga baya ya auri Iya. Amma daga ranar ya ɗaura aure da magana ɗaya: gani ya kori ji. Da alƙali ya fara kiransa shaida a kan waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba, wanda ya ga gawarsa da idonsa zai ce ya gani, ya faɗi wurin, ya faɗi yadda aka rufe shi ko aka bar shi. Matar ta yi takaba ta samu kanta. Wanda bai gani ba kuwa, ko za a yanka shi ba zai ce ya gani ba. Mijin doguwar nan ta Ɗantutture yana cikinsu. Ta durƙusa masa, danginta suka roƙe shi, ya ce, "Na ga ya shiga daji, ban ga ya hito ba. Iyakar abin da na gani ke nan." Ƙuruciyarta ta ƙare tana jira.

Rigimarsa da Baba kuwa ta girme ni. Baba limami ne a unguwarmu ta Kurfi, gidanmu gidan allo ne tun kakanni. Kawu ya zo ya ce a tara jama'a a yi wa mutanensu da suka mutu a Bama sallar jana'iza, tunda an bar su babu wanka babu likkafani. Baba ya ce a karatunmu ba a sallar gawa sai da gawa a gaba.

"To, Malam, in tahi in tono maka su?"

"Ni ban ce ba. Addu'a dai ina yi masu kullum."

"Addu'a a ɗaki, uwayensu ba su ji ba."

Kowace shekara sai sun sake ta, a kan tabarma ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya. Kawu ya ce Malam ya fi ƙaunar littafi a kan mutane. Baba ya ce wanda bai iya ƙulhuwallahu da kyau ba shi ke son koya wa liman salla. Inna tana daga madafa tana cewa ita ta rasa wanda za ta ba haƙuri, yayanta ko mijinta. Ba wanda ya taɓa kayar da wani.

Da ya ga ba zai samu salla ba sai ya ƙirƙiro nasa. In an gama ɗaure gero, ranar kasuwar Kurfi ta farko bayan kaka, zai tsaya a bakin rumfar masu hatsi da la'asar, ya cire hula, ya fara kiran sunaye. Sunan mutum, sunan uwarsa, garinsu, da yadda ya mutu. Ba ya ƙawata komai. Wane zazzaɓi ya kashe shi. Wane yana kiran innarsa har ya cika. Wane ban ga gawarsa ba, Allah ne masani. Ina yarinya ina tallar gyaɗa na sha tsayawa ina kallo. Tsofaffin mata za su matso, kowace in an zo kan nata sai ta ce amin, ta share ido da bakin zane, ta koma kan daddawarta. In ya gama sai ya ce, "Wanga shi ne yaƙi. Duk wanda ya ce maku wani abu ne daban, ku turo mani shi." Wasu suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, shi kuwa sai ya juya musu kunnen hagu.

A zamanin Turawa ana tara tsofaffin sojoji a birni sau ɗaya a shekara, a maƙala musu jan furen takarda a ƙirji, a busa begila, a ce kowa ya yi shiru don tuna waɗanda suka mutu. Sau ɗaya Kawu ya je. Ya dawo ya ce wa Baba, "Wai mu yi shiru. Ni kuwa na ga shirun ne ya yi yawa. Ba a hwaɗi sunan ko mutum ɗaya ba, sai na sarkin Ingila." Bayan nan duk shekara dagaci ya aiko, duk shekara Kawu ya ce ƙafa ke ciwo, a kuma gan shi a gona.

Mutumin da bakinsa ya saba da sunayen 'ya'yan mutane, akwai suna ɗaya da bai taɓa furtawa ba. Na ɗansa na fari ne, kunya ta hana. Yaron nan, wancan, mai gonar gabas, haka yake ce masa. Ko ranar ɗaurin aurenmu sai ƙanensa ya wakilta, shi ya tafi duba awaki. Taubashina ne kafin ya zama mijina, mun taso muna tsokanar juna, yana ce mini baiwarsa, ina ce masa mai kan tulu. Da aka kawo ni Wurma ban ji baƙunta ba, kuma surukuta ba ta shiga tsakanina da Kawu sosai ba. Yakan tsaya a bakin ɗakina ya ce, "Ɗiyata, wancan yana ba ki abinci kuwa, ko in kore shi?"

Ban cika shekara a ɗaki ba yaƙi ya tashi. Zukata sun riga sun ɓaci, kowa da abin da ya ji a rediyo, motar ɗibar soja ta fara tsayawa a Dutsin-Ma. Kawu ya ɗauki sandarsa ya tafi har can. Waɗanda suka gani sun ce ya tsaya a gaban layin samari yana bin su ɗaya ɗaya yana tambaya, kai ɗan wa, uwarka ta sani, wa zai nome gonarku. Ya ce musu wancan karon an ce musu za su yaƙi mutanen da ba su taɓa gani ba, wannan karon kuma mutanen da jiya suke sayen kaya a shagonsu, kuma duk laka ɗaya ce. Aka yi masa ihu, wani ya ce tsufa ya sa shi tsoro, wani ya ce ɗan koren 'yan tawaye ne. 'Yan doka suka tsare shi, sai da Baba ya je ya karɓo shi. A hanya Baba ya ce, "Ka ga abin da bakinka ya ja maka." Kawu ya ce, "Yaro biyu sun hita daga layi, Malam. Na gan su."

Abin da ya fi tsarewar ci masa rai ya faru a kakar shekarar. Ya tsaya a kasuwa yana kira kamar kullum, sai wani maroƙi ya matso da kalangu. Duk sunan da Kawu ya kira, shi kuma ya buga ya ce namijin duniya, ya mutu da bindiga a hannu. Samari suka taru suna ɗaga hannu. Kawu ya ce wane gudawa ta kashe shi, maroƙi ya ce barde. Ya rasa yadda zai yi. In ya ci gaba ya zama mai yi wa yaƙi kirari, in ya bari ya yar da mutanensa. Ya ƙarasa da ƙyar, ya dawo gida bai ci tuwo ba. Maigidana yana cikin samarin da suka tsaya a wurin.

Ba a yi wata ba ya ce zai tafi. Abokansa duk sun tafi, ana nuna shi a dandali ana cewa ɗan matsoraci. Ina bayan danga na ji su shi da Kawu.

"Baba, kai ma ka tahi ka dawo."

"Ni na dawo? Dube ni da kyau."

"Tun ina ƙarami nake jin kana kiran su, kasuwa tana tsayawa. Wa ke tsayawa don manomi?"

Kawu ya ce, "Ashe abin da ka ji ke nan." Bai yi masa baki ba, bai kuma sa masa albarka ba. Da safe yaron ya durƙusa yana sallama, Kawu yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba. Ni na yi kuka, na riƙe masa riga, na ce masa mai kan tulu, ya yi dariya ya ce baiwa ba ta hana ubangidanta tafiya. Dariyar nan ce ƙarshen abin da na gani nasa.

Da damina ta zagayo wani yaron Karofi ya dawo da hannu ɗaya. Ya zo Wurma ya zauna a zaure, aka ce ni da Iya mu matso bakin ƙofa. Ya ce shi da maigidana suna ƙetare babban kogi a jirgi ɗaya aka buɗe musu wuta, jirgin ya kife. Iya ta fara salati. Kawu ya juyo masa kunnen dama.

"Ka ga ya nutse?"

"Na ga ruwa ya ruhe shi, Baba."

"Ka ga bai taso ba?"

"Ban tsaya dubawa ba, ni ma ta kaina nake."

"An hiddo gawa? Ka taɓa jikin shi?"

"A'a."

"To, ba ka gani ba. Allah shi ba ka lahiya."

Alƙali ya ce shaida ɗaya ce, ita ma ba ta cika ba, sai dai in jira shekarun da shari'a ta yanka. Amma ya ce in uban yaron, wanda ya san yaƙi, ya gamsu cewa babu mai fita daga irin wannan, zai sake duba maganar. Haka komai ya koma bakin Kawu. Iya kullum tana zuba tuwon ɗanta a akushi ta rufe, da safe a ɗumama wa awaki. Ni ina ɗaki, in na yi kitso a ce ba ta damu ba, in na bar kai a ce tana yi wa miji fatan mutuwa. Biki ba na zuwa, makoki ba nawa ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu, da na ɗauka karin magana ce kawai.

Ana gobe kasuwar bayan kaka ta bara na samu Kawu yana sussukar gero a bayan gida. Na cire kunya na durƙusa.

"Kawu, gobe za ka kira shi?"

Ya ci gaba da aikinsa.

"Ko cikin matattu, ko cikin waɗanda ba a gani ba. Ka dai sa shi wani wuri in san inda nake."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Ɗiyata, tun da aka haihe shi bakina bai taɓa riƙe sunan nan ba. Kina so ranar da zan fara ta zama a kasuwa, cikin waɗancan?" Na ce ina so in san ko ni wace ce. Ya ce, "Da na gani da na hwaɗi. Wallahi da na hwaɗi."

Inna ta je kasuwar, ita ta ba ni labari. Sunaye sun ƙaru, don ya bi gidajen da aka yi sabon rashi ya haɗa da nasu. Maroƙin bai zo ba, ƙanensa yana cikin sababbin. Kawu ya kira na Bama, ya kira na kudu, ya zo ƙarshe. Kasuwa ta yi tsit, kowa ya san saura ɗaya. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya tsaya har wata tsohuwa ta ce amin ba tare da an kira kowa ba. Sai ya mayar da hularsa ya kama hanyar Wurma. Ranar na ƙi kai masa ruwan alwala, kuma na daɗe ina gaishe shi da baki kawai.

Ciwo ya kwantar da shi farkon daminar bana, ƙafafu suka kumbura. Ni na yi jinyarsa tare da Iya, haushi bai hana ni dama masa kunu ba. Wata safiya ya ce a kira masa Malam. Baba ya zo daga Kurfi a kan keke, ina bakin ƙofa da ƙwaryar kunu ina jin su.

"Malam, ka ce ba a salla sai da gawa a gaba."

"Haka na ce."

"To, ga gawa nan tahe. Tawa. In ka tsaya a kaina ka buɗe niyyarka, ka sa su duka. Wannan ma littafi ya hana?"

Baba ya ce, "Hwaɗo su." Kawu ya fara kira a kwance, murya tana yankewa, Baba yana maimaitawa bayansa kamar ɗalibi. Na tsaya har kunun ya huce a hannuna. Da suka zo ƙarshe na kasa kunne, ban ji komai ba sai numfashinsa. Daga baya ya kira ni ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, kuma da gaske nake, ko da yake yafiyar ba ta buɗe mini ƙofa ba.

Ranar Laraba bayan la'asar aka fito da shi ƙofar gida. Mu mata muna ciki muna jin kabbarar Baba. Tsakanin kabbara da kabbara ya daɗe fiye da yadda aka saba, har na ji wani a sahun baya yana gyaran murya. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya haɗa shi da mutanen da ya ƙi yarda a manta.

Da aka dawo daga maƙabarta Baba ya shigo yi wa Iya gaisuwa, ƙafarsa duk jar ƙasa. Zai fita na tare shi a bakin zaure.

"Baba, ka sa su?"

"Na sa su duka, Allah shi yahe mani in na yi kuskure."

"Shi fa?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Kawunki bai ba ni sunan ba. Amma a cikin addu'ar akwai inda ake roƙa wa rayayyunmu da matattunmu. A nan na sa shi."

"A wanne daga ciki, Baba?"

"Ban sani ba, ɗiyata."

Ya sa takalminsa ya fita wurin maza. Daga madafa Iya ta kira ni in zo in kama mata tukunya, ta riga ta ɗauko akushin ɗanta ta wanke.